Yayen Sahabi

Illela, ranar Laraba

Shafa'atu ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina kwananku, ina gajiya? Yaya nauyin jiki? Ina maigidanki Badaru da aiki, ina mutanen Minna? Mu nan lahiya lau, alhamdu lillahi. Babanku na gaishe ku, shina can bakin iyaka wurin albasarshi. Rubutu nake maki don wagga waya da na shiga ɗaki sai ta kama sabis ɗin Konni, can Nijar, murya ba ta tahiya. Ki yi haƙuri da rubutun 'yar aji huɗu.

Angona Sahabi yau watanshi biyu da kinka kawo mani shi yaye. Ki kwantar da hankalinki, ki ji da cikin da ke jikinki. Kukan nono ya ƙare. Zawon da yay yi kwanaki ma ya tsaya, don na ɗauke mashi duk wani abu mai nauyi, koko tsinkakke kawai nake ba shi sahe da marece. Da hwari ya rame, amma yanzu ki zo ki ga kumatu. Ƙahwahun nan sun cika har takalmin da kinka sawo ba ya shiga. Ga haƙuri, inda nig girke shi nan zan iske shi. Gashinshi kuma ya soma ja, irin na dangin Dada, uwata. Babanku yac ce, to Bahillace ya hito, sai a nemo sanda da malhwa. Nic ce angon da ko sadakina bai gama biya ba, ina yag ga shanu.

In na dube shi sai in tuna yayenki. Ba za ki tuna ba. Rugar Dada, kakarki, can bayan Kalmalo, nan nik kai ki ranar wata Juma'a, bisa jaki. Lokacin tabkin Kalmalo na cike, shanunmu na sha suna kwance bakin ruwa. Dada ba ta dama kunu sai ta saka man shanu ya narke bisa. Kindirmo kuwa sai kin sa ludayi kin yanka. Masunta su kawo ƙananan kihi ta ba su nono, ta gasa ta murje ta barbaɗa maki. Yanzu ina shanun? Kawunanki sun sayar, saura sun yi kudu da su. Nonon kasuwa garin madara ne da ruwa, ni ban yarda in ba jikana ba. Wani lokaci ina wanke ƙwarya sai in ji kamar warin hayaƙin rugar nan.

Af, wasu mata sun zo daga jami'a, wai bincike suke kan lahiyar yara. Babbarsu Malama Sadiya, 'yar siririya mai tabarau. Sun tara mu gidan mai unguwa, sunka ba kowa wani zare na leda mai kala ukku, kore da rawaya da ja, a naɗa a damtsen yaro, kore lahiya, ja haɗari. Wai suna son su gani ko uwa a gida za ta iya gane tamowa, ciwon yunwa na yara, kamar ma'aikacin asibiti. Tac ce har da kakanni suke so, tunda a ƙasar nan wurinmu ake kawo yaye. Nic ce Malama, ni na raini bakwai ba zare. Anka yi dariya. Ban ma tsaya ƙarshe ba, na baro tukunya bisa wuta. Na dai gwada ma angon nawa, ban matse ba kada ya ji ciwo, kore ne.

Ki riƙa shan maganin ƙarin jinin nan. A gaida Badaru.

Innarki,
Ramatu

Illela, ranar Alhamis

Shafa'atu,

Sallama da gaisuwa. Da hwatan kin tashi lahiya. Ki zauna kahin ki karanta. Sahabi na da rai, shina gabana yanzu, amma muna asibiti tun jiya, an ba mu gado.

Abin da nir rubuta maki wancan mako ba daidai ba ne. Ba ƙiba ba ce.

Jiya su Malama Sadiya sunka dawo, kowa ta gwada ɗanta gabansu. Ashe ranar da nit tashi don tukunya, bayan hitata sun koya ma mata abu na biyu. A danna bayan ƙahwar yaro da babban yatsa, duka biyu, a ƙirga ukku a ɗaga. Da layi yaz zo kaina ina ta ba'a, ina cewa ku matsa ga sarkin ƙiba. Malama ba ta yi dariya ba. Tac ce, Inna, danna da kanki. Nid danna. Da niɗ ɗaga yatsana sai ga rami ya zauna, kamar a tuwo. Ina kallo ina jiran ya ciko, bai ciko ba. Ta sake naɗa zaren yadda ake yi, ba sako-sako irin nawa ba, sai ga rawaya, dab da ja.

Tac ce kumburi ne, ruwa ne a jikinshi. Jan gashin da shirun nan duk ciwon ne. Ba ta yi mani hwaɗa gaban mutane ba, ta dai ce, ɗauko mayahinki mu tahi yanzu.

Suna ba shi wata madara kaɗan-kaɗan da kohi, likita yac ce an zo da sauran lokaci. Na kira ki sau huɗu daga bakin titi inda sabis ke kamawa. Na san babanku ya riga ya hwaɗa ma Badaru. Kada ki hau mota da cikin nan, likitanki ya hana. Ki zage ni a waya in kina so, amma ki ɗauka.

Innarki

Asibiti, ranar Talata

Ɗiyata Shafa'atu,

Ina gaishe ki. Yaya jikin, yaya mai motsi? Na ga alamar kin buɗe saƙona. Ko ba ki amsa ba zan ci gaba da ba ki labarin ɗanki, haƙƙinki ne.

Kumburin ya saɓe. Sun gaya mani tun hwari kada in tsorata, in ruwan ya hita zan ga ainihin yaron. Na gan shi, Shafa'atu. Damtsen kamar karan dawa. Wata biyu ina goya shi ina wanka mashi ban gani ba. Amma jiya ya ƙwace kohi daga hannun nas, yau kuma ya ja mani ɗankwali. Nas ɗin tac ce, Hajiya, mijin naki ya hwara rigima, alamar sallama ke nan.

Badaru ya zo Asabar, ya kwana biyu. Yaron kirki, har ƙasa yag gaishe ni, bai ɗaga ido ba. Shi yac ce mani kin ce da an sallame mu a maido maki ɗanki. Na ji. Ban ga laihinki ba.

Akwai maganar da ban taɓa yi da ke ba. Kin san kina da yaya da ya rasu kahin a haihe ki, ɗana na hwari. Ba ki taɓa jin sunanshi bakina ba, mu ba mu kiran sunan ɗan hwari. Sunanshi Hamidu. Shi ban kai shi wurin Dada ba, shekarar sun yi nisa da shanu neman ciyawa, ni niy yaye shi a ɗakina, ina 'yar shekara sha takwas. Koko nake ba shi. Yay yi kumatu, ƙahwahu sunka cika, maƙwabta na cewa Ramatu ta iya kiwo. Da yak kwanta anka ce baki ne, anka ce iska ce ta bakin rijiya. Munka yi turare, munka yi rubutu. Kwana tara.

Shekara talatin da ɗaya ina cewa bakin mutane yac ci mani ɗa. Ran nan da yatsana yab bar rami a ƙahwar Sahabi, ƙahwar Hamidu nig gani. Ina sa mashi wani ɗan warwaro na azurhwa a ƙahwa, har ya riƙa nutsewa cikin nama, ni ko ina murna.

Na hwaɗa ma Malama Sadiya da taz zo duba mu. Nic ce ashe ni nik kashe shi. Tac ce, Inna, wa yak koya maki a lokacin? Nic ce ba kowa. Tac ce to shi ya sa muke wanga yawo gida-gida. Na tambaye ta, to mi ya sa ku shida da Dada tay yaye ba wanda ya kumbura, ita da ba ta san ko bihim ba? Tac ce in lissafa mata abin da Dada ke ba ku. Nil lissafa, nono, man shanu, kihi, wake, zogale. Tac ce to ai shi ne abin da ke rubuce cikin takardunsu. Ni na ɗauko yayen Dada, na baro abincin Dada a Kalmalo. Ita ma da tana da rai da ta ce mani sakarya, haka take ce mani in na zubar da nono.

Yanzu suna koya muna kunu da garin gyaɗa da waken suya da busasshen kihi. Har ƙwai, wanda muke cewa yana sa yaro sata. Babanku yac ce in dai zai tashi, ya saci duk albasar Illela.

Ki ci abinci don Allah, ko don na cikin.

Innarki Ramatu

Illela, ranar Litinin

Shafa'atu ɗiyata,

Assalamu alaikum. Ina lahiyarku, ina Badaru? An ce watanki ya kama, Allah shi raba lahiya.

Mako biyar ke nan da sallamarmu. Duk Laraba muna komawa awo, suna ba shi abincin nan na leda mai ɗanɗanon gyaɗa. Larabar da ta wuce zare ya nuna kore, kuma na matse shi yadda ya kamata, Malama Sadiya ta sake gwadawa bayana, daidai. Likita yac ce zai iya tahiyar mota. Sun ba ni takarda ki kai asibitin da ke kusa da ku a ci gaba da duba shi. Shina gudu yanzu, ya addabi kajin maƙwabta.

Malama ta roƙe ni in yi ma kakanni magana a Amarawa, wai sun hi jin tsohuwa irinsu. Na je. Na hwaɗi sunan Hamidu gaban mata sun hi arba'in. Wata tsohuwa ta rufe huska da mayahi, bayan an tashi taj ja ni gehe tac ce nata biyu ne. A ranar anka samu yara ukku masu ramin ƙahwa.

To ranar Alhamis za mu taso, ni da shi, motar Sakkwato sannan ta Minna. Ga abin da nake son ki sani kahin mu iso. Ba lalle ya zo wurinki ba. Wata huɗu da yawa ne ga yaro. Zai iya ɓoyewa bayan zanena ya yi maki kallon baƙuwa. Kada ki yi kuka gabanshi, kada ki hizge shi. Ki zauna ƙasa ki aje kwanon abincinshi kusa da ke, ki yi kamar ba ki damu ba.

Haka kinka yi mani. Da nij je ɗauko ki Kalmalo, na sha kitso na ɗaura sabon zane, kinka dube ni kinka ruga kinka ƙanƙame ƙahwar Dada. Kinka ce mata, matar nan ta tahi gidansu. Na zaga bayan bukka na yi kukana. Dada ba ta lallashe ni ba. Washegari tun da sahe taɗ ɗauki ƙwaryarta tat tahi tallan nono wani gari, ba ta dawo ba sai bayan kwana ukku. Da kinka duba ba ta, dole kinka zo wurina. Sai da nig girma nig gane ba tallan nono yak kai ta ba.

Ni ma haka zan yi. In mun iso Alhamis, Juma'a da sahe zan kama hanya kahin ya tashi. Kayan jego na haɗa su tuni, kanwa da yaji da garin kunu, zan bar maki su. In kina son in zauna in yi maki wanka in riƙe jaririn, ki hwaɗa mani da bakinki, zan je tasha in jira har azahar. In ba ki kira ba zan hau mota, kuma ban riƙe ki da komi ba.

Ki sa Badaru ya tarbe mu tasha da la'asar.

Ni ce innarki,
Ramatu