Muryar Inna a Salula

Yaya Sani,

Ina gaishe ka. Ina Rabi da yara, ina zaman Abijan? Mu nan Bazaga lahiya lau.

An ba su Hadiza ɗiyata aikin haɗa sauti a lakwal, makarantarsu. Ashe kafin rasuwar Inna, Hadiza ta ɗauki muryarta a salula tana kiran awaki. Sai yarinyar ta zuba gero bisa kwano, ya yi ƙarar ruwan sama, ta haɗa da muryar. Jiya ta kunna muna, ta ce, "Baba, ka ji?"

Na ji, amma raina bai motsa ba. Na ci gaba da gyaran igiyar amalanke. Awakin ne suka sheƙo da gudu, suka tsaya ƙofar ɗakin Inna.

Ka sa ni cikin addu'a, ka gaida Rabi. Jar akuyar nan ta Inna har yanzu tana can tana jira.

Ƙanenka,
Isufu