Hannun Rigar Da Aka Toshe

Zuwa ga maigidana, Tela,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya gwiwar nan taka? Yaya shago, da tsohon kekenka da ya fi ka surutu? Ina fata maganinka cikinka yake shiga, ba gwangwanin maɓallai ba.

Na rubuto ne domin waya ba ta da amfani tsakanina da kai. In na faɗi abin da kake so, kunnenka garau yake. In na taɓo wanda ba ka so, sai ka ce magana tana yankewa. Takarda ba ta da wannan ciwon. Mai motar burodi zai miƙa maka, ka sa tabarau ka karanta har ƙarshe.

Jikanka, wato sabon mijina da ya ƙwace ni daga hannunka, yana nan lafiya. Yana tsotso kamar wanda aka yi wa gori. Da hantsi, in rana ta leƙo ta tagar falo, nakan rufe ƙofa in kashe fanka, in surka ruwa, in gwada da gwiwar hannuna. Cibiyarsa ba ta faɗi ba tukuna, don haka ba na tsoma shi a baho. A cinyata nake kwantar da shi in bi shi da tsumma: fuska tukun, sannan bayan kunne, sannan ninkin wuyan nan inda nono ke ɓuya ya yi tsami. Yana tsala ihu ina ba shi haƙuri, kamar dai zamana da kai.

To amma wa kake tsammani yake hawo da ruwan daga famfon ƙasa zuwa saman benen nan? Ni ce, da wannan bayan nawa. Uban yaron fa? Ɗanka Auta, tun ranar da muka baro asibiti bai taka gidan nan ba. Wai aiki ya yi yawa a gareji. Ashe motocin duniya jira suke a haifa masa ɗa su lalace gaba ɗaya! Kada ka wahalar da kanka wajen yi masa ƙarya. Mai burodi ya ga takalmansa a ƙofar shagonka, kuma na san a kan teburin yankanka yake kwana, kai kana saya masa abinci kana ce masa sannu.

Tunda ku biyun kun kasa furta abin, bari ni in rubuta shi. Hannun hagun yaron a wuyan hannu ya tsaya, babu tafi, babu yatsu. Likita ta ce ba laifin kowa ba ne, kuma sauran jikinsa ƙalau. Ɗanka ya leƙa cikin zanen, ya ce da me wannan zai riƙe sufana ta kwance noti, sannan ya ce bari ya sayo ruwan sha. Har yau ruwan yake saye. Kuma a kunnen matarsa ya faɗi haka, tana kwance ko tashi ba ta iya yi.

Matar tasa ba ta kuka, shi ya fi ci mini rai. In ina wankan, sai ta tsaya da tawul a hannu, idonta a ƙofa.

Ka kore shi daga shagon nan, Tela. Ba roƙo nake ba.

Ka gaida maƙwabta. Kada ka gaida Auta.

Taka,
Uwar Auta

*

Maigida,

Ina gaisuwa, domin haka aka koya mini, ba don ka ci gaisuwar ba. Da fatan gwiwa ta yi sauƙi.

Saƙonka ya iso. Ni wauta ta ɗebe ni na kwance ƙunshin a gaban surukarka, ina ta washe baki ina cewa zo ki ga abin da kakansa ya ɗinko. Yadi mai laushi, ɗinki kamar ba hannu ya yi ba, wannan ba zan hana ka ba. Sai na ɗaga riga ta farko. Hannun dama daidai. Na hagu kuwa ka ƙara masa tsawo, ka toshe bakinsa ruf, kamar jakar zuba gyaɗa. Na ɗaga ta biyu, haka. Duka haka, har da 'yar ƙawa da ka yi wa wurin da jan zare.

Haba Tela! Haba! Tsawon zamana da kai ban taɓa jin kunyar ɗinkinka ba sai ranar. Na san abin da za ka ce: don kada mutane su yi ta kallo. Waɗanne mutane? Matar mai gidan nan ta shigo ta gani, ta ce tubarkalla, ta tambayi ko yana barci da kyau, ta tafi. Mutanen da suka kasa kallo su biyu ne kacal, kuma a shago ɗaya suke kwana.

Surukarka ta karɓi rigunan ta ninke su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Inna, a ce wa Baba na gode, na gane." Sai ta shiga ɗaki ta janyo akwati daga ƙarƙashin gado. Ta kira yayanta, zai zo da mota ranar Asabar ya tafi da ita da yaron. Ta ce ba za ta raini ɗa a gidan da ake ɗinka masa maɓoya ba.

Rigunanka kuwa, na sa reza na farke su. Ɗaya na yayyanka ta, da ita nake cuɗa yaron yanzu. Ta yi kyau da aikin.

Cibiya ta faɗi, shekaranjiya na fara tsoma shi a baho. Da ka ga yadda ya yi tsit da ruwan ɗumin ya taɓa shi, ya ware idanu kamar wanda aka ba labari mai daɗi. Hannun nan da kuke tsoro, bari in gaya maka kamanninsa, tunda ɗinki ka yi masa ba ka gan shi ba. Laushi gare shi kamar kunci, da 'yan lotsawa a ƙarshe inda nake bi da tsumma a hankali. Kuma da shi yake dukan ruwa. Na dama yana dunƙule yana lalaci, na hagun ne ke jiƙa mini zane kullum.

Ku da kuke ci da yatsu, kai da allura shi da sufana, kun ɗauka wanda ba shi da su ya gama yawo. Ni na haifi mai yatsu goma cif, ga shi ya kasa ɗaukar ɗansa.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗinko wasu, masu gajeren hannu, duka biyun a buɗe. Kada ka ba mai burodi. Auta za ka ba, ya kawo da ƙafarsa, da hantsi, kafin Asabar. In bai zo ba, motar yayanta tana da kujerar baya, kuma na riga na tambaya, akwai wurina. Sai ku zauna kai da ɗanka, keke ya riƙa dafa muku.

Wadda ranta ke ɓace,
Uwar Auta

*

Maigidana,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Yau gaisuwar da ɗan gishirinta, amma kada ka saki jiki.

Auta ya zo. Ban san me ka faɗa masa ba, ko kuwa tsintsiya ka ɗauka. Ina durƙushe na tsoma yaron ke nan sai na ji an turo ƙofa. Ga shi tsaye da leda a hannu, ya rame, sai warin baƙin mai yake. Ya gaishe ni, ban amsa ba. Na ce ya rufe ƙofa iska na shigowa, ya wanke hannuwan nan har gwiwa. Ya wanke, ya koma jikin bango ya rakuɓe, yana kallon silin kamar shi aka kira ya gyara.

Sai na saki ƙara na ce wayyo bayana ya riƙe, Auta zo ka tare shi kar ya sulluɓe. Kafin ya yi tunani ya zube a gaban bahon. Ka san yadda ake riƙon: kan jariri a kan wuyan hannunka na hagu, yatsunka su zagaye damtsensa na can nesa. To na can nesan shi ne na hagu. Ya so ya zagaya ta ɗaya gefen, na ce in ka motsa ruwa zai shiga masa hanci. Na janye hannuna na bar shi da shi.

Yaron ya ƙura masa ido, ya ɗaga hannun nan ya maka wa ruwa, fal a fuskar ubansa. Ya sake. Sai na ga kafaɗun Auta suna girgiza. Ya ce, "Inna, sabulu ne ya shiga mini ido." Na ce sannu, ban dai sa sabulu ba tukuna.

Na miƙa masa tsumman, wato rigar nan da ka ɗinko na yayyanka, na ce ya bi lotsawar nan ɗaya-ɗaya. Ya bi. Da ya gama bai saki ba, ya riƙe wurin a tafinsa yana murzawa da babban yatsa har na ce ruwa fa yana hucewa.

Matarsa tana tsaye da tawul. Ya ɗago yaron yana ɗiga, ya miƙa hannu, ta ƙi ba shi tawul ɗin. Ta ce, "Ina ruwan shan da ka je saye?" Ya sunkuyar da kai, ya kira ta da sunan da yake kiranta tun suna zance, ya ce ta yafe masa. Ta ce yaron za ta rufa wa tawul, ba shi ba. Na ce a raina, madalla da 'yata.

Akwatin yana nan bakin ƙofa, ba ta kwance ba, kuma ban ce ta kwance ba. Amma ta kira yayanta ta ce ya dakata tukuna. Ɗanka kuwa tun ɗazu yake jigilar ruwa daga ƙasa, ya cika duk abin da ke da baki a gidan nan, har tukunyar da nake son in yi girki da ita.

Sababbin rigunan hannunsu ya yi, amma wuyan ya matse. Haka ake yi in tela ya yi ɗinki da jita-jita. Saura kai ke nan. Ka ɗauko tef ɗinka ka zo ka auna abokin kishinka da kanka, kada ka kawo mini zancen gwiwa, benen nan ni ma na hau shi da bokiti. Kada kuma ka aiko da man zafi, bayana lafiyarsa lau. Sai dai shi bayan nawa ya gaya mini gobe da hantsi zai sake riƙewa, don haka ka zo da wuri, ka yanke farce.

Tsohuwarka, da sauran fushinta,
Uwar Auta