Ina Tara Na Tsufa, Amma Raina Na Filin Ƙwallo

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya daɗe yana cin raina, na kasa faɗa wa kowa, don za a ce babba da ni ina kukan ƙwallo.

Ni direba ne, ina jan motar ma'aikata a wani kamfani, saura 'yan shekaru in ajiye aiki. A da duk safiyar Asabar muna buga ƙwallo a filin bayan makarantar unguwarmu, ni da abokaina na ƙuruciya. Akwai mai walda, akwai wani malamin lissafi da in ƙwallo ta shiga ƙafarsa sai dai a yi haƙuri, sai golanmu da muke kira Rariya, don ba abin da yake tarewa. Ni kuma Barewa suke ce mini. In an tashi sai mu zube a gindin katanga, muna haki muna musun wanda ya ɓarar da ci.

Da na ga ritaya ta matso, sai na fara jan tasi Asabar da Lahadi, abin da na samu in zuba a asusu. Uwar yarana ta ji daɗi ƙwarai, don ta ga yadda mahaifinta ya ƙare yana zaman jiran 'ya'ya su aiko. Ban ga laifinta ba. Amma Malama, yanzu daga kujerar mota sai kujerar falo. Tumbi ya fito, in na sunkuya ɗaure takalmi sai na tsaya na huta. Yayana ma haka ya yi ta tarawa, ya gina bene mai kyau, yau a ɗakin ƙasa yake kwana saboda gwiwa ta hana shi hawa.

Ran nan na ɗauko fasinja, hanya ta bi da mu ta gefen filin. Na hango su, duk sun yi furfura, Rariya na ta yi wa 'yan baya faɗa. Ban san na rage gudu ba sai da fasinjan ya tambaye ni ko mai ne ya ƙare. Takalman ƙwallona na nan ƙarƙashin gado, na kasa bayarwa. In koma fili ne, ko in daure har in gama tarawa?

Tsohon ɗan gaba

AMSA

Malam, kewar abokan ƙuruciya ba abin kunya ba ne, kuma na ga su kake kewa fiye da ƙwallon.

Uwargidanka tana da gaskiya. Tsufa babu tanadi yana da ɗaci, ta gani da idonta, don haka kada ka taɓa asusun nan. Sai dai jiki ma ajiya ake yi masa, kuma hanyarsu ɗaya da kuɗi: kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tun da sauran lokaci. Wanda ya ce sai ya yi ritaya zai fara motsa jiki, daidai yake da mai fara tanadi ranar albashin ƙarshe. Bambancin shi ne, in kuɗi suka gaza 'ya'ya na iya cikawa, amma ba ɗan da zai aiko maka da gwiwa.

Ka bar wa kanka safiyar Asabar, tasi ta jira zuwa azahar. Abin da za ka rasa bai kai na magani ba. Amma kada ka faɗa fili kai tsaye. Ka fara zuwa asibiti a auna jininka da zuciyarka, sannan ka yi 'yan makonni kana tafiyar ƙafa da sauri kafin ka fita aiki. Ranar da ka koma, ka tsaya a baya, ka fita tun kafin numfashi ya fitar da kai.

Ka zaunar da uwargida ka gaya mata duk abin da ka gaya mini. Tsoronta kada ku wulaƙanta ne, kuma miji a kwance ba ya cikin burinta. Za ta fahimta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka ci abin da ka tara da ƙafafunka a tsaye.