Bargon Mama da Hatimin Malam Kuang

Litinin, 7 ga Oktoba

Madam Nie ta tsayar da rana: Asabar, sha shida ga Nuwamba. Baje kolina na farko ni kaɗai, a gidan zanenta da ke bayan gadar Gongchen. Shekara arba'in da huɗu a duniya, ashirin da biyu a gaban Malam Kuang, sai yanzu.

Zane goma sha takwas. Sha bakwai ƙanana ne, gilashi za su shiga. Babban shi ne lungunmu na da wanda aka rushe, barguna a shanye a kan gora, na Mama a tsakiya. Komai baƙar tawada ce, bargon Mama ne kaɗai na yi da alli mai launi, ruwan ɗorawa.

Madam ta ce babban zai hau bangon da ke kallon ƙofa, amma sai Malam ya yi rubutu a kusurwarsa ya buga jan hatiminsa, yadda ake yi wa kowane ɗalibi ranar fitarsa. "Shulan, kin san mutanenmu. Ba zanen za su fara duba ba, hatimi za su nema. In babu, sai ɗakin baya, kusa da tukunyar shayi." Na ce to. A cikina na ce za mu gani.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kai wa Malam babban zanen. A shimfiɗe na ɗauke shi tsakanin kwali biyu, na hana kowa matsowa a motar haya.

Ya daɗe yana kallon rufin gidajen, har ya ɗan gyaɗa kai. Da ya iso kan bargon sai ya dangwala ɗan yatsa, ya duba yatsan kamar ya taɓa kashin kaji.

"Wannan fa?"

"Alli ne, Malam."

"Alli. Shekara ashirin ina koya miki launi biyar da ke cikin baƙar tawada, kin koma ajin 'yan firamare." Ya ce in goge, shi kuma ya rubuta. Na ce bargon Mama ba baƙi ba ne. Ya ce hannun da ya iya, da tawada kaɗai zai sa mai kallo ya ga ruwan ɗorawa. Wato nawa bai iya ba. Maganar nan ta ƙona ni, har yanzu tana ci na.

Daga nan ya ɗaga kofin shayinsa, alamar baƙo ya tashi. Da hannu biyu ya riƙe shi, duk da haka shayin ya zubo masa a riga. Fushi ne. Ya yi ta yi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ban goge ba. Na ƙara shafa wani allin ma.

Talata, 15 ga Oktoba

Na yanke shawara. Tunda sun ce alli ba ɗan gida ba ne, babban zanen ba zai shiga gilashi ba. Za a yi masa baya irin na gargajiya, da bakin alharini, a rataye shi yadda ake rataye na kakanninsu. Su gani da idonsu.

Na je shagon Kawu Ruan mai yi wa zane baya. Takardarmu siririya ce, da ta sha tawada sai ta yamutse. Shi ne ke kifa ta a kan jan teburinsa, ya fesa ruwa, ya shafa kokon fulawa, ya ɗora wata takarda a baya, ya manna a bango ta bushe ta miƙe.

Ya sa tabarau ya leƙa bargon, ya girgiza kai. "'Yar nan, shekara hamsin ina kifa takarda a teburin nan. Tawada ta san ruwa, da shi aka haife ta. Allinki kuwa a fuska yake zaune kamar hodar amarya."

Na ce na fesa masa maganin kame launi har sau uku.

"Ko sau talatin."

"Kawu, ka yi aikinka, zanena ne."

"To. Kunnenki ne."

Duk tsofaffin garin nan bakinsu ɗaya. Na gaji.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ina tsaye aka yi. Ya kifa, ya fesa, ya shafa, ya ɗora. Da ya ɗago takardar, ga bargon Mama kwance a kan teburin, jage-jage, shi kuma zanen fari fat a wurin. Tawadar ko gezau, rufin gidaje da gorori duk suna nan.

Kawu bai ce "na faɗa miki" ba. Da ya faɗa da na samu wanda zan yi wa masifa. Tsumma kawai ya ɗauko, ya tsaya yana jira in kau da kai kafin ya share.

Na yi kuka a banɗakin mai taliyar da ke maƙwabtaka, na fito na ci kwano guda don kada matar ta ce na shigar mata a banza. Wanda bai ji bari ba zai ji hoho, na sani, ba sai an tuna mini ba.

Zanen zai yi mako biyu manne a bangon shagon. Kawu ya ce in ya bushe ana iya mayar da allin, da ma haka ya kamata mu fara, baya tukuna sannan alli. Sai dai ba za a naɗe shi ba har abada, a kan katako zai zauna.

Talata, 22 ga Oktoba

Na manta Malam yana zuwa shagon Kawu duk Talata su buga dara.

Kawu ya kira ni da la'asar. Wai Malam ya shigo, ya ga zanen a bango, ya ƙi zama. Ya tsaya har shayinsu ya huce. Sannan ya ce, "Yanzu ya zama zane. Ka ce mata zan rubuta."

Ban gama ajiye wayar ba Madam Nie ta kira, muryarta kamar an yi mata albishir da jika. Labari a Hangzhou ba ya kwana.

Laraba, 23 ga Oktoba

Littafin nan nawa ne, bari in faɗi gaskiya: ina so. Shekara ashirin da biyu ina so. Ya yi wa Pei Dong rubutu har sau uku, mutumin da bai iya komai ba sai kwaikwayon duwatsun Malam da ɗaukar masa lema. Ni kuwa kullum "saura kaɗan". Yau da zanena ya lalace, yau ne na isa.

Madam ta kawo dabara. "Ki bari ya rubuta ya buga hatimin, in ya tafi ki mayar da allinki. Zai zo ya kankare ne?" Na ce hatimin sata ke nan. Ta ce ni na sani, ita dai bango ɗaya gare ta mai kallon ƙofa.

Ko dai hatiminsa da farin bargo a gaba, ko bargon Mama a ɗakin baya. Babu na uku.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na je shagon Kawu na ga zanen. Abin haushin, ya yi kyau a haka. Tsohon bai yi ƙarya ba, fari ya zauna daidai.

Amma ba na Mama ba ne. Ita ta rina shi da hannunta a bahon wanka, yatsunta suka yi wata guda ba su koma daidai ba. Duk ranar da rana ta fito sai ta shanya shi ta hau dukansa da sandar gora, ƙurar auduga na tashi, tana yi mini tsawa in matsa. Ƙurar nan nake nema, tawada kuwa ba ta da ƙura. An rushe lungun, Mama ta tafi, bargon ban san wanda ya jefar ba. Ba zan goge shi karo na biyu ba don a tafa mini.

Talata, 29 ga Oktoba

Da gangan na je shagon Kawu yau, don ban son a ce ta bakin wani na aika.

Suna tsakiyar dara. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce, "Malam, na ji saƙonka, na gode. Amma zan mayar da allin."

Bai ɗago ba. "Kin san abin da kike mayarwa?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Kanki ya fi dutsen niƙan tawadata tauri."

"A wurinka na koya, Malam."

Kawu ya ƙware da shayi, ko ya yi kamar ya ƙware. Malam ya miƙe, ya cusa hannunsa na dama cikin aljihu, ya fita ya bar wasan ba a gama ba. Kawu ya ce tun da suke bai taɓa barin wasan da yake ci ba.

Na kamo hanyar gida ko sallama ban yi wa Kawu ba. Amma na faɗa.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Kwana uku ina shafawa. Hancina, gashina, har shinkafata ruwan ɗorawa. Ya fi na farko.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ɗakin baya. Madam ta faɗa tana kallon wani wuri. Na ce ba komai, ai wurin tukunyar shayi kowa ke taruwa.

Ta nuna kusurwar hagu ta sama. "Tunda ba zai rubuta ba, ki cike wurin da naki mana. Ya yi kama da wanda ya ajiye wa baƙo kujera." Na ce zanen ne ke son iska a wurin. Nawa hatimin yana can ƙasa, ya isa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

An buɗe da ƙarfe uku. Mutane sun zo, ba kamar yadda Madam ta tsorata ni ba, ko da yake manyan ƙungiyar masu zane biyu ne kawai suka leƙo, su ma a tsaye suka sha shayi. Wata tsohuwa ta tsaya gaban bargon ta ce, "Kai, irin na uwata!" Na ji daɗi har na rasa inda zan sa hannuna.

Wajen ƙarfe huɗu sai ga Malam, 'yarsa na riƙe da shi. Ban gayyace shi ba. Ya wuce bangon gaba ko kallo, kai tsaye ɗakin baya. Ya tsaya, ya tsaya. Na shirya amsa uku a bakina, ya juya ya nufi ƙofa.

Da zai fita aka miƙa masa buroshi ya sa suna a littafin baƙi. Ina kusa, na gani. Hannun yana karkarwa, layin farko ya karkace, tawada ta ɗiga. Mutumin da ake zuwa daga wasu garuruwa don harafi ɗaya nasa. Ya yi sauri ya juya shafin, ni ma na yi sauri na kalli ƙofa.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na tsare Kawu, na ce ya gaya mini abin da ke damun hannun Malam ko in kwana a shagonsa.

Shekara biyu ke nan Malam bai yi wa kowa rubutu ba. Yana fakewa da cewa ɗaliban yanzu ba su isa ba. Tun Talatar da ya ga zanena a bango, kwana bakwai yana gwada haruffa huɗu a kan tsofaffin jaridu, safe da yamma, 'yarsa tana kwashewa tana ƙonawa don kada wani ya gani. Ranar da na je na ce masa a'a, hatimin yana cikin aljihunsa.

"Me zai rubuta?"

"Ni na ga kamar malaminki ne, ba nawa ba. Ki je ki tambaye shi."

To me ya hana shi faɗa? Baki gare shi, ya iya zagi da shi. Ba ni da laifi. Na rubuta a nan da hannuna: ba ni da laifi. Da za a sake, bargon zan sake zaɓa.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Na rasa abin rubutawa.

Talata, 3 ga Disamba

An rufe baje kolin shekaranjiya. Wani ya so ya tafi da babban, na ce ba a gama shi ba. Madam ta zuba mini ido. Bakina ne ya faɗa, ban san daga ina ya samo ba.

Ɗakina yana da danshi, alli kuma ba ya son danshi, shi ya sa na roƙi Kawu ya ɗora mini shi a kekensa mai ƙafa uku. Gidan Malam a bushe yake, kuma a kan hanya yake. Dalilin ke nan.

Na shimfiɗa shi a kan babban teburinsa. Kusurwar da babu komai ta faɗa ta wajen kujerarsa, haka teburin yake. Ban ce ya rubuta ba. Ban goge ko ƙwayar alli ɗaya ba, na kuma gaya masa haka tun daga ƙofa.

Ya sunkuya, hannun rigarsa ya goga bargon. Ya duba ruwan ɗorawan da ya kama shi, ya ce, "Kin ga ƙazantarki ko?" Bai kakkaɓe ba.

Na ga dutsen niƙan tawadarsa a bushe, har ƙura ta hau shi. Ba na son ganin kayan aiki a haka, shi ke nan. Na wanke, na ɗiga ruwa, na ɗauki sandar tawada na hau niƙa, yadda na yi shekara uku ina yi masa kafin ya bar ni in taɓa buroshi.

Ya leƙo, ya ce tawadar ta yi ruwa.

Na ƙara niƙawa.