Na Ce Zan Gyara wa 'Yata Wuta a Gaban Shugabarta

Anti mai shawara, don Allah ki taimaka mini, na yi ɓaramɓarama.

Ni mai gyaran wuta ne, shekara talatin da huɗu ina hawa tsani. Babbar 'yata aikin binciken kimiyya take yi. Shekara shida ke nan tana fama da wani gutsuren lu'ulu'u da bai kai kan ashana ba, wai so take ya riƙa fitar da haske ƙwaya ɗaya ɗaya, kada biyu su fito tare. Ta ce da irin wannan hasken ake son aika saƙon da ba mai iya leƙa shi ba tare da an gane ba. Na ce to.

Makon jiya ta gayyace ni wurin aikinsu, wai abu ya yi. Na sa rigata mai kyau. Ɗaki ne mai duhu, tebur cike da ƙananan madubai, aka hana ni ko jingina. Ina ta baza ido, ban ga haske ba. Sai wani layi a allon kwamfuta ya lotsa ta tsakiya, mutane suka hau tafi. Shugabarta har da share hawaye.

A sana'armu, in haske ya yi ƙasa haka, waya ce ta saki. Sai na ce wa shugabar kada su damu, kayan aikina na mota, minti ashirin in gyara. Na ƙara da cewa tun tana ƙarama yarinyar ba ta iya haɗa soket ba. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta raka ni mota, ta ce in gaida mamarta. Yau kwana tara ba ta kira ba. Mamarta ma abinci kawai take ajiye mini ta wuce.

Baban Mai Bincike

Baba, wutarsu lafiyarta ƙalau. Lotsawar layin nan ita ce shaidar cewa ƙwayoyin hasken ɗaya ɗaya suke fitowa, abin da ta yi shekara shida tana nema ke nan.

Tayin gyaran ba laifi ba ne, ƙauna ce irin ta masu sana'a, kuma da ta yi maka bayani tun a ƙofa da ba a kai nan ba. Maganar soket ce ta yi zafi. Ranar da ta fi son ka ga girmanta, ranar ka mayar da ita 'yar shekara bakwai a gaban waɗanda take aiki da su.

Kada ka jira kiranta. Ka je da ƙafarka, ka ba ta haƙuri ba tare da «amma» ba. Sannan ka ce ta koya maka aikin daga farko, ka zauna ka saurara har ta gama, ko da ka gane rabi ne. Allah ya daidaita ku, ya ƙara mata basira.