Irin Albasar da Kinka Ƙulla Mani

Zuwa ga sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakar bazara, ruwan randa bayan yinin noma, Safara'u ɗiyar Kwargaba, wadda furfura ta zauna ma kai awa balbela bisa gulbin Rima. Gaisuwa mai yawa, da bege wanda ya fi gaisuwar yawa.

Bayan haka, ina raye. Na fara da wannan don na san garinmu Wurno: mutum ya yi damina biyu ba labari, sai a fara yaba halinshi. Ina wani gari bakin kogin Nilu, cikin ƙasar Sudan, sunanshi Mai Wurno. Kin ji ikon Allah! Tsoho ya ci ƙasa da ƙafa, ya wuce Yarwa, ya wuce Fashir, ya iske an riga shi kawo sunan garinsu. Hausa ake yi, ana dama fura, har gardamar ma irin tamu ce. Amma mi Wurno take in ba ke cikinta?

Kin tuna safiyar da ayarin Makka zai tashi? Ina ɗaure allo da tawada, ina faɗa maki malami ba ya yunwa a hanya. Kinka tura wani ƙullin tsumma ƙasan jakata, kinka ce irin albasa ne na fadamarmu. Na yi dariya, na tambaye ki ko Ka'aba zan yi ma lambu. Wayyo bakina! Guzuri ya ƙare tun kafin rabin hanya, kuma nan malamai sun fi masu neman addu'a yawa. Na gwada tsinkar audugar Nasara, bayana ya ce shi ba da shi anka yi wanga alkawari ba. Sai wani Balarabe mai lambu ya ba ni gefen fili da jigo, a kan mu raba abin da ya fito. Na kwance ƙullinki. Rabi ya mutu a hanya, rabi ya tsiro, ja, mai yaji, har matan garin suna aike takanas a sayo ta Basakkwace. Da hannunki nike ci, Safara'u, da hannunki nike tara kuɗin jirgin ruwan da ke ƙetara teku daga Sawakin zuwa hajji. In na yanka albasar idona ya kawo ruwa, mai lambu ya ɗauka yajin ne. Na bar shi a haka.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Gaban liman da yayanki Ƙasimu na faɗi da bakina cewa in damina uku ta wuce ban dawo ba, igiyar aure na hannunki. Ta ukun ta wuce, ni ko teku ban gani ba. Hakkinki ne, ba ni da ta cewa, kuma na san Ƙasimu ba zai bari ki manta ba. Wane ne ni in ce ma mace ta zauna gadin ɗakin da ba kowa? Amma ya hasken gidana, ya marmaron da ban taɓa iske ƙafe ba, ina roƙo: ki ƙara mani. In an cire albasar bana zan kama hanyar teku, in sauke farali, in juyo da goshina yamma, ko da rarrafe.

Mode na Goronyo, wanda ya gama nashi hajjin yana komawa gida, shi zai kawo maki takardar ga, tare da tsummanki. Na cika shi da irin da albasarki ta haifa nan. In kin yarda ki jira, ki ba Lawwali ɗanmu ya yafa shi kusurwar fadama, wajen giginya. Ran da na dawo, ta can zan biyo kafin in shiga gari. In na ga kore, na san ƙofata. In na iske ƙasa fayau, ba za ki ji ƙorafi ba. Zan wuce gidan ƙanena in aiko maki da zamzam, don da sunanki zan ɗebo shi ko ta yaya.

Naki, nan da can, da igiya ko babu,
Maccido.