Faɗa a Kan Lanƙwasa Ɗaya

Litinin, uku ga wata

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya idon? Ina gaida maigidanki, wanda na san shi ke karanta miki wannan takarda, ina kuma roƙonsa ya karanta duka, ban da tsallake wuraren da aka ambace shi.

Bayan haka, ina sanar da ke cikin alhini cewa yaƙi ya ɓarke a ofishinmu, kuma a kan lanƙwasar harafi ɗaya ne. Ba a rasa rai ba tukuna, amma an daina tambayata ko zan sha shayi.

Kin tuna alkawarin da na yi miki na shafukan intanet masu magana: ki taɓa waya ta karanta miki bayanin maganinki, ki yi tambaya ta amsa, ba sai kin jira maigida ya nemo tabaraunsa ba. To aikin ya kammala, saura suna. Duk fayil ɗin da ke yawo a intanet yana ɗauke da ɗan laƙabi a goshi, da shi waya ke gane ko hoto ne, ko waƙa, ko rubutu, ta san ƙofar da za ta kai shi. Namu sabon iri ne, sai an yi masa rajista wurin masu riƙe da kundin sunaye. Masu manhajar da ke wayarki kuwa sun ce ƙarshen watan nan za su rufe jerinsu. Wanda bai shiga ba ya jira wata shida.

Laƙabin kashi biyu ne, sunan dangi sannan sunan kai. Ni na zaɓi audio/faɗa. Audio dangin sauti ke nan, faɗa kuwa ai abin faɗa yake yi. Gajere, mai daɗin baki, kamar da shi aka haife shi.

Sai abokiyar aikina, wadda muke kira Ƙa'ida saboda ko gaisuwarka sai ta duba ko ta cika sharaɗi, ta ce atafau. Wai babu sauti ko ɗigo a cikin fayil ɗin, rubutu ne mai ba na'ura umarni, don haka danginsa application, wato ɗakin shirgin da ake jefa duk abin da ya rasa 'yan'uwa. Wai kuma ɗ ba za ta wuce ba. Na ba ta tarihin harafin nan na rabin awa. Ta saurara tana ɓare gyaɗa. Shugabanmu, mutumin da ko ruwan kofi ba ya son ya ga ya motsa, ya ce tunda ni ne babba a tura nawa. An tura.

Ki ci gaba da ɗiga maganin a kan lokaci.

Ƙaninki,
Auta

Laraba, goma sha tara ga wata

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kuma ƙaiƙayin idon ya lafa. A gaida mai karatu.

Amsa ta zo daga mai duba takardun rajista, bayan mako biyu. Mutum ne mai ladabin da ke sa ka ji kamar an mare ka da auduga. Ya ce haruffan da aka yarda da su ƙidayayyu ne, kuma babu mai lanƙwasa a cikinsu. Wai in ba damuwa in cire ɗan abin da ke saman d ɗin. Ɗan abin! Na cire na duba, sai ga fada. Shekara ashirin da shida ina bin mutane da jan biro a kan ƙugu da kugu, har ofis suka sa mini Ƙamus, yau ni ne zan kai aikina fada ba tare da an kira shi ba. Na gwada fad'a, da waƙafin sama, shi ma aka ce baƙo ne.

Ƙa'ida ta ce kada in damu, sunan ya riga ya kama, tunda tun ranar da na kawo shi babu abin da ake yi a ɗakin nan sai faɗa. Mai gyaran na'urorinmu ya yi dariya har ya sarƙe. Ban ba shi ruwa ba.

Akwai kuma gurbin tsaro a takardar, inda na rubuta cewa babu wata matsala. Mai dubawa ya tambaya, in wani mugu ya shirya shafin da zai kunna makirufo ya kwashi hirar mutane fa? In kuma ya sauya adadin ƙwayoyin da za a karanta wa mara lafiya? Tambaya ce mai kyau, shi ya sa ta ba ni haushi.

Na haƙura da faɗa, na koma murya, wadda ba ta da lanƙwasar da za a yi mata fashi. Amma audio yana nan daram. Abin da ke magana ba a kai shi ɗakin shirgi. Ƙa'ida ta ɗago kai ta ce, "Ƙamus, waya ba ta sauraron hujja, goshi kawai take dubawa." Don in rufe mata baki, na tura wa wayarki shafin gwaji da laƙabina. Maigida ya taɓa shuɗin rubutun sau ɗaya. Sau ɗaya na ce, ba irin dannawar da yake wa ƙararrawar gidana ba.

Ku gaya mini yadda muryar ta yi.

Naki,
Auta

Asabar, ashirin da tara ga wata

Yayata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Ina fata jiki da sauƙi.

Saƙon maigida ya same ni, kuma na lura a wannan karon bai tsallake komai ba. Ya ce waya ta ga audio a goshi sai ta miƙa fayil ɗin ga manhajar waƙoƙi, ita kuma ta laluba ba ta sami abin kaɗawa ba, ta yi tsit. Ya ce kin zauna a bakin gado da waya a kunne minti goma sha biyar, ya miƙo hannu kika hana, kika ce, "Bar shi, na Auta ne, zai yi magana." Daga nan manhajar ta gaji ta sako muku waƙar motsa jiki.

Na yi dariya a wurin waƙar. Wurin minti goma sha biyar ɗin ne na kasa wucewa. Na karanta shi sau uku a tsaye a gaban injin buga takardu, har wani ya ce in matsa.

Saura kwana bakwai a rufe jerin a lokacin. Na je teburin Ƙa'ida na fara wani dogon sharar fage a kan yadda masana kan sake duba matsayinsu. Ba ta bari na kai rabi ba ta jawo aljihun tebur. Ashe tun mako uku take cika tata takardar, har ta kammala, gurbin tsaro kaɗai shafi biyu, har da sharaɗin cewa makirufo ba zai kunnu ba sai mai waya ya yarda da bakinsa. Sunan kuwa application/vnd.murya+xml, kamar lambar motar da ta yi hatsari. Gurbi ɗaya ta bari, na wanda za a tuntuɓa in an sami matsala nan gaba. Ta miƙo mini biro. Na ce ta sa sunanta, don duk wanda ya tuntuɓe ni tarihi zai sha.

Jiya mai auduga ya amsa da layi ɗaya, an karɓa. Masu manhaja sun sa mu a jerin da yamma. Ranar goma ga watan gobe wayarki za ta nemi a sabunta ta, ku yarda, sannan ki taɓa shafin da hannunki.

Har yanzu ina ganin sunan mummuna ne, kuma zan mutu a kan haka. Amma a kan sauran, yarinyar nan ce da gaskiya, ni ne na yi kuskure. Maigida, wannan layin sau ɗaya ake karanta shi.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta